Ƙayar da Sau-kam Ta Haɗiye

Sunana Shek Kam-shui. A cikin jirgin kamun kifi aka haife ni, a mafakar jirage ta unguwar da ake kira Yau Ma Tei. Aji biyu na yi a makaranta, ubana ya ce ya isa. Ina da shekara ashirin da bakwai muka sayar da jirgi, na hau tudu na kafa tebur a kasuwa. Shekara arba'in da ɗaya ina yanka kifi. Ba kifin da ban san cikinsa ba. Na faɗi wannan ne don a san wanda ya yi abin da zan ba da labari.

Matata sunanta Sau-kam. Ita ma 'yar jirgi ce. Shekara hamsin muna ci a tebur ɗaya, ban taɓa cire ƙaya daga kifin da zan ci ba. Ita ke yi. Takan ja farantin gabanta, ta bi tsokar da tsinken cin abinci, ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini farar tsoka a kwano. Ban ce ta yi ba. Ban kuma taɓa ce mata sannu ba. Haka uwata ta yi wa ubana.

Bara, a watan bakwai, ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, harshe ya dawo, hannu ya ƙi. Tun daga nan da hagu take ci, da cokali. 'Yarmu A-Lin ta kafa mana doka: ban da gishiri, ban da mai, ban da kifi mai ƙaya. Wata takwas muna cin abincin da ko kyanwa ba za ta sunsuna ba.

Akwai kuma maganar tabarau. A-Lin ta kai ni aka gwada mini, ita ta biya. A gida nakan sa in duba lambobin dawakin tsere a jarida. A waje yana aljihun riga. Mutumin da ke bambanta kifin jiya da na yau tun daga ƙofar kasuwa ba ya yawo da gilashi a hanci.

Wata Talata da safe Sau-kam ta ce, "Baban Lin, kunun shinkafa mai kifi nake marmari. Na Gurgu Tam."

"Lin ta hana."

"Lin na wurin aiki."

Na ɗauko mata sandarta.

Gurgu Tam ya mutu tuntuni. Ɗansa ke riƙe da ludayi yanzu, amma sunan wurin bai canza ba, layin ma bai ragu ba. Shinkafarsu sai ta dahu har ƙwayar ta narke, ba ka gane ruwa daga tsaba. Mun tarar da mutane har bakin titi. Tururi ya cika ƙofa. A ciki kowace kujera da mai ita, kuma bayan kowace kujera akwai wani a tsaye yana jiran a tashi.

A-Fong mai raba kwano ta hango mu. Ta shekara ashirin tana yi wa mutane tsawa a wurin nan.

"Gwaggo, ke ce? Mun ɗauka Kawu ya sayar da ke."

"Ya kai ni kasuwa, ba wanda ya taya," in ji Sau-kam.

"Ku biyu, can ciki, ku haɗa tebur. Kai mai jaka, matsa mata, ba ka ga sanda ba?"

Teburin na mutum huɗu ne. Da wata budurwa cikin kayan ofis, tana sha tana duba agogo. Da kuma Pun.

Pun tsohon tela ne. Kullum sai ya kai tsuntsunsa shan iska, sannan ya zo ya rataye kejin a ƙusa ya zauna. Shekara arba'in na san shi, shekara arba'in yana kirana ɗan ruwa. Da muna yara, mutanen tudu irinsa ba sa son ganin takalmi a ƙafarmu in mun hau gaɓa. Shi ya manta. Ni ban manta ba.

"Yau ɗan ruwa ya fito da amarya," in ji shi. "Uwargida, sannu da jiki. Kin rame. Ba ya ba ki abinci ne?"

"Yana ba ni. Ɗanɗano ne 'yarsa ta hana."

Na wanke kofuna da cokula da tsinkaye a ruwan shayi mai zafi. Wannan ma aikin Sau-kam ne a da. Rabin shayin ya zube a tebur. Pun ya ɗaga gwiwar hannunsa kawai.

Na ce wa A-Fong, "Biyu na kifi, yankan ciki. Dogon fanke ɗaya. Nata a rage gishiri."

Ta ƙwala wa kicin kira ta wuce.

"Yankan ciki?" in ji Pun. "Wa zai cire mata ƙaya? Tun ina da gashi nake ganin tana cire maka kamar ɗan goye."

"Ni."

"Kai yanka ka iya. Yanka daban, tsinta daban. Kana ma ganin kwanon? Jiya na ɗaga maka hannu daga ƙetaren titi, ka gaida turken fitila."

Budurwar ta yi murmushi cikin kwanonta. Murmushin nan ya fi maganar Pun ci mini rai.

Aka kawo kunu yana tafasa, da citta da ganyen albasa a sama. Na ja nata gabana. Kifi fari, kunu fari, tururi fari. Na fara da manyan ƙayoyin haƙarƙari, masu lanƙwasa, waɗanda ko makaho zai samu. Na zare bakwai, na jera a kan tebur. A wurin nan kowa a tebur yake tofar da ƙashinsa, gefen kwano, A-Fong ta zo ta kwashe da tsumma.

Amma na san wannan kifi. Can saman yankan, inda ciki ya haɗu da baya, akwai ƙananan ƙayoyi masu baki biyu kamar gwafa, sirara kamar allura. Na san suna nan. Idona ne bai ba ni su ba. Na bi tsokar da tsinke, na samu biyu. Na sake bi, ban ji komai ba. Hannuna ya tafi aljihu, ya taɓa tabarau.

Pun ya cire nasa ya miƙo mini. "Ungo nawa. Ba kuɗin haya."

Na janye hannu daga aljihu. Na tura kwanon gaban Sau-kam, na ɗaga murya yadda tebur uku za su ji.

"Inda hannun Shek Kam-shui ya bi, ko jariri ya sha. In aka samu ƙaya ɗaya a kwanon nan, in koma ruwa."

"Kowa ya ji," in ji Pun. Ya ture kofinsa gefe, ya goge tebur a gaban Sau-kam da hannun rigarsa. "Uwargida, in kin ji ta, nan za ki ajiye mana. Na share miki wuri."

Ta ɗauki cokali. A na farko ta lumshe ido. Wata takwas ban ga fuskarta haka ba. Na tsoma fankena a kunu na fara ci. A cokali na shida bakinta ya tsaya. Ta dubi wurin da Pun ya goge. Ta dube ni. Sannan ta haɗiye. Na ga wuyanta ya motsa sau biyu. Na ɗauka zafi ne.

Sai ta ajiye cokalin a kife.

Mu 'yan jirgi ba ma kife cokali, ba ma juya kifi a faranti. Abin da ka kife a tebur, jirginka ne a teku. Shekara hamsin ban ga ta yi ba.

"Tsohuwa, mene ne?"

Ta sa yatsa a wuyanta, gefen hagu.

"Zafi ne?"

Ta girgiza kai.

Dariya ta bar fuskar Pun. "Ƙaya ce."

"Ba ƙaya ba ce," na ce.

"Ƙarama ce," in ji Sau-kam da wata siririyar murya. "Za ta wuce."

Ta yi ƙoƙarin haɗiye yawu, fuskarta ta murɗe.

Akwai jan ruwan khal mai tsami a kowane tebur, na zubawa a taliya. Na cika mata kofi. Kowa ya san tsami yana narka ƙaya. Haka aka yi mini ina yaro, haka na yi wa A-Lin. Ta sha kaɗan kaɗan, hawaye na zubo mata. Na jira. Na ce ta haɗiye. Ta haɗiye, ta sake nuna wuya.

"Baba," in ji budurwar, "don girman shekarunku kada ku ƙara ba ta komai. Ku kai ta asibiti, yanzu a cire."

"Asibiti kan ƙayar kifi?"

"In kuka tura, ciki za ta shige."

"Yarinya, tun kafin a haifi ubanki nake fitar da ƙaya daga wuyan mutane. Sha kununki."

Fuskarta ta yi ja. Ta tashi ta bar rabin kwano, ta kutsa cikin mutane ta fita. Kafin kujerar ta huce wani mai ɗaukar kaya ya zauna a kai.

Tebura na kusa duk sun juyo. Kowa da nasa maganin, kuma duk bakinsu ɗaya da nawa. Wata mai kwandon cefane ta ce a ƙara khal. Mai ɗaukar kayan ya ce lomar shinkafa, babba, a haɗiye ba tauna, ita ke share hanya. Wani ya ce a kifa mata kwano a ka a ƙwanƙwasa da tsinke sau uku. Wannan ban yarda ba, ba a kifa mana komai.

Gidan kunu ba shi da shinkafa mai ƙwaya. Abin da suke da shi ita ce mai danƙon nan da ake naɗewa a ganye a turara.

"A-Fong, kawo ɗaya."

Ta tsaya da kwano huɗu a hannu. "Kawu, haɗiyarta fa ba kamar da ba ce."

"Kawo."

Ta kawo. Na warware ganyen, na dunƙula loma kamar ƙwan tantabara.

"Kada ki tauna. Haɗiye gaba ɗaya."

Sau-kam ta dubi lomar, ta dube ni. Ba ta taɓa yi mini musu a gaban mutane ba. Ta buɗe baki. Lomar ta daɗe a hanya, ina ganin tafiyarta a wuya. Da ta wuce, sai ta sauke yatsanta daga gefen wuya zuwa ramin da ke ƙasansa.

"Ta motsa," in ji mai ɗaukar kaya. "Ƙara ɗaya, ta faɗa ciki."

"Ɗan ruwa, bari haka," in ji Pun a hankali.

Da wani ne ya faɗa, wataƙila da na bari. Na dunƙula ta biyu, ta fi ta farko girma.

Ta haɗiye. Sai ta yi wani sauti. Ba kuka ba ne, ba tari ba ne. Sau ɗaya na taɓa jin irinsa, daga bakin wani da igiyar taru ta matse wa ƙirji. Hannunta mai lafiya ya damƙi bakin tebur har kofuna suka girgiza. Ta saki tebur ta danna tsakiyar ƙirjinta, sannan ta kai hannu baya, tana neman tsakanin kafaɗu. Fuskarta ta yi fari kamar kunun. Gumi ya keto mata a goshi.

"Tsohuwa."

Tari ya zo mata, na tara mata hankicina. Da na janye, akwai ja a jiki.

"Khal ne," na ce. "Jan khal ne."

A-Fong ta leƙa. "Kawu, khal ba haka launinsa yake ba."

Na sha ganin guguwa a teku. Na taɓa kwana biyu a jirgin da ruwa ya ci rabinsa. A can akwai abin yi, ka kwarfe ruwa, ka ja igiya. A nan ina zaune da jan hankici a hannu, ba abin yi. Hayaniyar wurin ba ta tsaya ba. Ana kiran kwano biyu na naman sa, ana neman canji. Mutumin da ke tsaye a bayan kujerata yana ta kallon kwanona, yana lissafin saura cokali nawa in tashi.

Pun ne ya miƙe. Ya shiga ƙarƙashin shanyayyen hannunta.

"Kama ɗaya ɓangaren. Tashi mana, kai."

Na tashi. A-Fong ta shiga gaba tana ture mutane da faranti. Sau-kam ba nauyi gare ta ba, amma kowane taku sai ta ɗauke numfashi. A bakin ƙofa muka tarar da budurwar nan tsaye a tsakiyar titi, ta tare tasi, tana riƙe da ƙofar a buɗe. Ashe ba fushi ta yi ba. Ban san sunanta ba, ban sake ganinta ba.

A mota Sau-kam ta zauna a miƙe kamar an ɗaure ta da sanda. Ba ta iya haɗiye yawu, yana dalalowa ta gefen bakin da ya shanye. Ina gogewa da hannun rigata, ina duba launinsa kowane gogewa. Wani lokaci fari. Wani lokaci da ɗan zare ja. Pun na gaba yana zagin direba, yana zagin jar fitila, yana zagin motar safa. Ni ina ƙirga numfashinta. Mun wuce ta gaban ɗakin bautar Tin Hau, uwar masu teku. Na yi wa Tin Hau alkawarin abin da ban ma san ta inda zan samo ba.

A asibiti wata nas ta tsaya da takarda.

"Ƙarfe nawa ta haɗiye?"

"Takwas saura."

"Wane irin kifi?"

Na faɗa mata.

"Bayan nan ta ci wani abu?"

Na dubi Pun, shi kuma ya dubi ƙasa.

"Baba, ina tambaya."

"Khal. Da shinkafa mai danƙo."

"Loma nawa?"

"Biyu."

"Wa ya ba ta?"

"Ni."

Ta rubuta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Suka tura Sau-kam a gado mai taya, suka ɗauki hoton ƙirjinta. Likitan yaro ne, bai kai A-Lin ba. Ya maƙala hoton a jikin fitila, ya nuna da bakin biro.

"Ga ta nan. Kun gani?"

Ban ga komai ba sai hazo. Na ciro tabarau daga aljihu na sa, a gaban likita, a gaban nas, a gaban Pun. Sai ga ta. Wani ɗan farin layi, a gicciye.

"Da tana maƙogwaro aka kawo ta, da minti biyar ya ishe ni," in ji likita. "Shinkafar ta tura ta ƙasa, ta kafe ta a bangon hanyar abinci. Bayan bangon nan akwai babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya." Ya haɗa yatsu biyu, ya bar ɗan tsakani da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. "Abin da ya raba su ke nan. Za mu zura siririn tiyo mai fitila ta baki mu jawo ta. In ta fito salin alin, to. In ta riga ta huda, sai mun buɗe ƙirji. A shekarunta, da ciwon da ta yi bara, ba zan yi muku alkawarin komai ba."

Ya ba ni takarda in sa hannu. Rubutu ya cika ta. Aji biyun da na yi ya ishe ni in gane kalma biyu a ciki, jini da mutuwa. Ba don tabarau ba da ban gan su ba. Na rubuta sunana.

Muka zauna a benci. Agogon bango yana tafiya, ni ina kallon ƙofar. Duk wanda ya fito da sauri sai in bi shi da ido. Wata nas ta wuce da leda biyu na jini, na miƙe, ta shiga wata ƙofar daban. Na zauna.

Can Pun ya ce, "Bakina ne ya jawo."

"Idona ne."

Pun ya dubi agogon bango. Sannan ya ce, "Na bar tsuntsuna a ƙusa."

"Je ka ɗauko."

Bai tafi ba.

A-Lin ta iso da kayan aikinta a jiki. Nas ta riga ta faɗa mata komai a waya. Ta tsaya a gabana, ta dubi tabarau a fuskata, ta daɗe tana dubansa. Ta zauna can ƙarshen benci. Ba ta yi mini magana ba sai bayan kwana huɗu.

Awa biyu da rabi likitan ya fito da 'yar kwalba. Ƙayar na ciki, mai baki biyu, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba. Irin wadda na san tana nan.

"Ta fito. Ta yaga bangon, amma ba ta kai jijiya ba. Yanzu zazzaɓi muke tsoro. In ya zo cikin kwana uku, ciwon ya ruɓa ke nan. Ba ci, ba sha, ko ɗigon ruwa."

Kwana ukun nan a kujera na yi su, gefen gadonta. Tiyo a hanci, tiyo a hannu. Nas na zuwa ta auna zafin jiki, ni ina karanta fuskar nas. A rana ta biyu zafin ya ɗan hau. Na ɗora hannu a goshinta na kasa ɗaukewa. Washegari ya sauka.

A rana ta shida murya ta dawo mata, a dushe. A-Lin ta fita sayen shayi. Na matso da kujera.

"Kin ji ta a baki?"

"Na ji."

"Me ya hana ki tofarwa?"

"Pun ya goge tebur."

"Ka ce in an samu ɗaya ka koma ruwa," in ji ta. "A shekarunka wa zai ba ka jirgi?"

"Ba abin dariya ba ne."

"Ban yi dariya ba. Ciwo yake mini."

"Daga yau in kin ji, ki tofa. Ko gwamna ne a teburin."

Ta juyar da kai ta dubi rufi. "Shekara hamsin ina ɓoye maka ƙaya, Baban Lin. Yanzu zan koyi nuna ta?"

"Ki koya."

Kwana goma sha biyu ta yi a asibiti. Wata uku a gida, daga ruwan miya sai dafaffen ƙwai. Na ɗauka ta haƙura da kifi har abada. Ni dai ko ta gaban kasuwar ba na son wucewa. Sai wata safiya ta ɗauko sandarta da kanta.

"Na Gurgu Tam."

"A'a."

"To in tafi ni kaɗai, A-Fong ta cire mini."

Tun daga ƙofar gida na sa tabarau. Layin na nan, tururin na nan. A-Fong ta gan mu, ba ta yi wasa ba, ta ture mutum biyu ta kai mu ciki. Pun na kujerarsa, keji na ƙusa. Ya dubi fuskata.

"Ya yi maka kyau," in ji shi. "Kamar mai rubuta wa mutane wasiƙa."

"Ɗaya na kifi, yankan ciki," na ce wa A-Fong. "Ɗaya fari, ba komai a ciki. Da faranti."

Na tsamo kifin duka na zuba a faranti. Na ajiye tsinke. Da yatsu na bi, sala sala, ina murje kowace tsoka har ta zama kamar auduga. Manya bakwai, ƙanana biyar. Na sake bi. Kunun ya daina tururi. Wani da ke tsaye a bayana ya ce ko biki muka zo yi, A-Fong ta ce masa in yana sauri ya je ya sha a gidan ubansa. Na mayar da kifin kwano, na tura gabanta.

Ta fara sha. Nawa kwanon na gabana, ban taɓa ba. Wuyanta nake kallo. Kowane cokali sai na ga ya sauka kafin in saki numfashi. Pun ma ya ajiye nasa cokalin.

A na tara bakinta ya tsaya.

Ta dubi tebur. Ta dubi Pun, ta dubi baƙon da ke kujera ta huɗu. Ta dube ni. Na ga wuyanta yana shirin motsawa.

"Sau-kam," na ce. Rabon da in kira sunanta tun kafin a haifi A-Lin.

Ta sunkuya a hankali. Ta tofa a tebur, gefen kwano. 'Yar ƙarama ce, rabin gwafa, da ƙyar tabarau ya nuna mini ita.

Na sa tsinke na tura ta tsakiyar tebur, kusa da kwalbar khal, inda kowa zai gani. Na ja kwanonta gabana, na tsamo kifin, na sake bi daga farko.